Zanen da Aka Gama wa Tarsim

A garinmu mutum ɗaya ba ya zana hoto shi kaɗai. Haka muka taso muka tarar. Kowace rumfar zane da ke bakin babban titi tana da layinta. Za a jera ƙyallaye ashirin a jikin bango, mai sama ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafa shuɗi da fararen gajimare uku, mai dutse ya biyo ya dasa dutsen Slamet a tsakiya, mai gona ya shimfiɗa shinkafa ya tsayar da bishiyar kwakwa. Na ƙarshe shi ne mai gamawa, kuma shi ne babba. Shi ke riƙe da siririn buroshi. Shi ke fitar da ganye ɗaya-ɗaya, ya sa balbela a sama, ɓauna a cikin taɓo, da manomiya mai malfa a kan kunya. Daga hannunsa sai a shafe zanen da man sheƙi. Kafin nan, a wurinmu, ba zane ba ne, ƙyalle ne da ya yi datti. Motocin haya su tsaya, matafiya su saya tare da alewar rogo, su tafi da shi Jakarta su rataye a falo.

Tarsim mai sama ne. Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga rumfar Haji Marsudi, ya yi shekara ashirin da biyu yana shafa sama a can. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce a rana yakan gama sama arba'in, kuma ko an ɗaure masa ido gajimarensa ba za su kauce daga mazauninsu ba. A cikin waɗannan shekaru ya auri Darsiti, mai suyar mendoan, wani irin ƙosan waken suya, a bakin kasuwa, suka haifi 'ya'ya biyu. Ba a taɓa jin ya yi sa-in-sa da kowa ba.

Wata safiya da damina, yana dawowa daga gidan mahaifiyarsa bayan sallar asuba, sarƙar kekensa ta zame a hanyar gona. Ya tsuguna ya mayar da ita. Da ya ɗago kai sai ya ga sama ba shuɗiya ba ce. Ruwan toka ce mai sirkin makuba, daga ƙasa kuma ta yi wani kore-kore kamar ɗanyen lemo. Dutsen ma babu shi, sai dai wurin da gajimare ya fi nauyi. Shekara ashirin da biyu yana ɗora wa dutsen nan sama, bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba.

Ya isa rumfa a makare, ya bi ƙyallaye ashirin ya shafa musu abin da ya gani. Haji Marsudi ya zo ya tsaya a bayansa.

"Sim, wannan sama ce ko ruwan wankin kwano?"

"Ta yau ce, Pak Haji."

"Ni ba ta yau nake sayarwa ba, ta kullum nake sayarwa. Goge."

Ya goge. Ya ƙara wata uku a rumfar, sannan ya ajiye aikin.

Tun daga nan ya tsara wa kansa yadda zai yi aiki, bai kuma canza ba har ya bar duniya. Yana idar da sallar asuba zai ɗaura ƙyalle ɗaya a bayan keke, ya tafi bakin ƙofar ruwan da ke raba wa gonaki ruwa. Ba ya farawa sai idonsa ya iya bambance kore da ruwan toka. Ba ya wuce lokacin da rana za ta leƙo ta saman gorar da ke bayan maƙabarta. Tsakanin nan da nan bai fi minti arba'in da biyar ba. Da babban buroshi yake aiki, fenti mai kauri, wani wurin ma da babban yatsa. Rana na taɓa gorar zai wanke buroshi, kuma ba zai sake taɓa wannan ƙyallen ba, ko da an bar wani gefe fari fat. Abin da safiyar ba ta ba shi ba, ba ya ƙara mata shi a gida. Da rana yana rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci, da wannan suke ci.

In ka tsaya kusa da zanensa, taɓo kawai za ka gani, shafe-shafen launi a kan juna. Sai ka ja baya taku biyar ruwa ya kwanta a gonar, sanyi ya taso, ka san ƙarfe nawa ne. Mutanenmu ba sa ja da baya. Mu kusa muke zuwa, mu sa hanci, mu ƙirga ganye. Aka sa masa suna Saura-Kaɗan.

"Saura-Kaɗan! Yaushe za a kai wa mai gamawa?"

Murmushi kawai yake yi ya wuce. A gida kuma Darsiti, wadda ke kiransa Kang, wato yaya, ta fi kowa.

"Kang, in haukar za ka yi, ka yi irin wadda ake saya mana. Ɗakin yara ya cika, ƙarƙashin gado ya cika. Nan gaba a kan gonar shinkafa zan riƙa kwana."

Amma ranar da wata mai sayar da kifi ta kira shi Saura-Kaɗan a gaban kaskonta, Darsiti ta kwashe mendoan ɗin da ta riga ta zuba mata ta mayar, ta ce, "Nawa ma saura kaɗan ya soyu, je ki nemi wanda aka gama."

Amininsa Rasiwan ne, wanda suka shiga rumfar Haji Marsudi shekara ɗaya, ya zama mai gamawar da babu kamarsa a garin. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo su sha kofi. Ya ɗauki zane ya juya shi, ya girgiza kai da tausayi na gaske.

"Ba ni shi kwana ɗaya, Sim. Kwana ɗaya tak. Wallahi ƙasan yana da kyau, hannu kawai yake jira."

"Sha kofinka, Wan."

Haka suka yi shekara kusan talatin, zancen bai canza ba, kofin ma bai canza ba.

Akwai wata yarinya, Kinanti, 'yar Pak Guru Harjito, malamin lissafi a makarantar sakandare. Shekararta goma sha ɗaya. Hanyar makarantarsu ta titi ce, amma ita ta kan kunyar gona take yankewa, don kullum a makare take. Ba ta zama a kan sirdin keke. A tsaye take tuƙawa, ta karkata hagu saboda jakar da take ratayawa a kafaɗa ɗaya, ko sau nawa aka hana ta. In ta zo wucewa ta ƙofar ruwa ba ta rage gudu, sai dai ta ɗaga murya ta kira Tarsim da Mbah, wato kaka.

"Mbah, har yanzu ba a gama ba?"

"Saura kaɗan! Ke kuma an rufe ƙofar makaranta!"

Wata safiyar Talata, lokacin dashen shinkafa, gonaki duk sun cika da ruwa, sama ta sauko ta kwanta a cikinsu. An yi yayyafi, ta fito da rigar ruwa rawaya. Tarsim yana kan babban ƙyalle ranar. Ta gifta, hannunsa ya bi ta: shafa ɗaya rawaya a karkace, ɗaya baƙa-baƙa a ƙarƙashi, sai ƙarama fara mai kauri a sama, mayafinta da iska ta ja baya. Shafa uku. Bai fi daƙiƙa huɗu ba. Rana ta taɓa gora, ya wanke buroshi.

Bayan wata biyar zazzaɓi ya kama Kinanti ranar Lahadi. Ranar Alhamis aka binne ta a maƙabartar da ke gaban gorar nan.

Sai da aka yi sadakar kwana arba'in Tarsim ya aika a kira uban. Ya jingina zanen a jikin bango, ya ce ya ja baya taku biyar. Pak Guru ya ja baya. A gidansa akwai hotunan yarinyar fiye da ɗari, amma a cikin kowanne a tsaye take ƙiƙam, baki a rufe, don ba ta son a ga wushiryarta. Babu ko ɗaya da take motsi a ciki. A nan kuwa ga ta ta karkata hagu, ta makara. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "Jakar ce. Na hana ta."

"Naka ne, Pak Guru. Ka tafi da shi."

Bai iya ɗauka ranar ba. Ya ce a ajiye masa sai uwarta ta samu ƙarfin gani. Yakan dai biyo wani lokaci bayan an tashi makaranta, ya zauna minti goma, ya tafi.

Ana nan sai ƙungiyar masu zane ta garin ta shirya bikin cika shekara hamsin, da nunin zane a zaurenta. Shugaban ƙungiyar Gunadi ne, ɗan marigayi Haji Marsudi, wanda ya gaji rumfar. Da kansa ya zo gidan Tarsim, ya sumbaci hannunsa, ya ce bango guda aka ware masa, zane goma sha biyu. Gaskiya a faɗe ta, Tarsim ya ji daɗi. Shekararsa sittin da bakwai, ba a taɓa rataye aikinsa ko'ina ba sai a kan ƙusar ɗakinsa. Har sabuwar riga ya kai ɗinki. Goma sha ɗaya ya zaɓa da kansa. Na goma sha biyu, na Kinanti, ya je ya tambayi mai shi.

Pak Guru ya ce, "A kai. Bari mutane su gan ta. In an tashi sai in wuce da shi gida."

Shi ya faɗi haka, da bakinsa, ba wanda ya matsa masa.

Aka zo da mota aka kwashi zanen saura kwana goma sha biyu a buɗe nuni, wai za a sa musu katako a gefe. Ranar Alhamis da hantsi, saura kwana biyu, Tarsim ya raka Darsiti zauren, za ta kai wa masu aikin rataya mendoan. Ya zagaya zauren sau biyu yana neman bangonsa. Sai da ya ga sunansa a rubuce a kan ɗan kwali sannan ya tsaya.

Zane goma sha ɗaya ne a jere, suna ƙyalli kamar an fito da su daga cikin mai. Kowace bishiya ta yi ganye. Kowace sama ta samu balbela biyar. A wanda ya zana ranar da hazo ya haɗiye dutsen, an dawo da dutsen, har da ɗan hayaƙi a kansa. Na goma sha biyu yana kwance a kan tebur. Rasiwan na tsaye a kansa yana murmushi, gwangwanin man sheƙi a buɗe a gefensa.

"Ka ɓata mana shiri, Sim. So muka yi sai ranar Asabar ka gani. Kwana tara na ajiye aikina saboda kai."

Tarsim ya matso. Ya sunkuya kan teburin. A kan kunyar gona wata manomiya ce tsaye, da malfa, da kwando a baya, da ɗan murmushi.

"Ina yarinyar?"

"Wace yarinya?"

"Mai keke."

"Au, wannan tabon rawayan? Ai na ɗauka buroshi ne ya suɓuce maka. Ga shi na mai da shi mutum."

Gunadi ya iso da sauri yana goge hannu. Ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai lallashin mara lafiya.

"Mbah, don mutuncinka muka yi. Baƙi za su zo daga Purwokerto, har daga Semarang. Ka so a ce garin masu zane ya rataye aikin da ba a gama ba? Kai za a yi wa dariya. Kowa ya san ido ya yi rauni, ba abin kunya ba ne, girma ne."

Tarsim ya juya ya kalli ƙofa. Can tsallaken titi akwai babur a ajiye gaban shagon magani. Ya karanta lambarsa da ƙarfi, harafi da lamba, ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin masu rataya ya leƙa, ya tarar lambar daidai take.

"Idona ƙalau, Mas Gun. Wa ya tambaye ni?"

"Ai ba a tambaya, Mbah. Ka fi ni sani. Tun zamanin Baba zane ba ya fita sai ya bi ta hannun mai gamawa."

Abin da ke ƙona rai ke nan. Da mugunta ce da an san inda za a kama. Babu mugu ko ɗaya a zauren nan. Mutane ne da suka shekara talatin suna wuce dattijon nan a bakin ƙofar ruwa, babu wanda ya taɓa tunanin ko da gangan yake tsayawa inda yake tsayawa. Sun ga abin da ba su gane ba, sai suka yanke cewa kasawa ce, suka rufa masa asiri, suna kuma jiran godiya.

Waɗanda aka shafa wa man sheƙi sun tafi ke nan, man ya riga ya kama. Na kan tebur kuwa jiya da yamma Rasiwan ya gama shi. Fentinsa ɗanye ne, na Tarsim da ke ƙasa ya shekara da bushewa. Muddin ba a shafa man ba, ana iya ɗauke na sama. Tarsim ya san haka, Darsiti ma ta sani, ba a banza ta zauna da mai zane shekara arba'in ba. Ta ajiye farantin mendoan, ta ɗauki murfi ta rufe gwangwanin, ta rungume shi a ƙirji.

"To, wanda ya isa ya zo ya karɓa."

Gunadi ya kira ta da lakabin girmamawa, ya ce, "Yu Dar, an riga an buga takarda, an rubuta goma sha biyu. Wurin zai zauna fili."

"Ka tsaya a wurin da kanka, Gun. Kai ai an gama ka, har sheƙi kake yi."

Suka fito da zanen, ita gefe ɗaya shi gefe ɗaya, suka tari mai keken haya. Rasiwan ya biyo su har bakin titi, fuskarsa ta yi jawur.

"Sim, shekara hamsin muna tare. Alheri na yi maka!"

"Na sani, Wan. Shi ya sa ban san me zan ce maka ba."

Kwana uku ya yi a ƙofar gida, inda haske yake, da auduga a kan tsinken gora da man wanke buroshi. Ya dangwala, ya murza wuri kamar ƙwayar shinkafa, ya jefar da audugar, ya ɗauki wata. Bai je buɗe nunin ba, sabuwar rigar tana rataye a ƙusa. Shi da kansa ya je ya gaya wa Pak Guru abin da ya faru, bai aika ba. Uban ya zo ya zauna a gefe yana riƙe masa kwanon man. Balbelu suka tafi. Ɓauna ta tafi. Ganye ya koma inuwa. Manomiyar ya bari sai ƙarshe.

Ranar Lahadi da hantsi ya fara da kwandonta. Rawaya ta ɓullo a ƙarƙashi, a karkace, yadda take. Baƙar shafar ma ta fito. Ya hau kan malfar. Ya murza, ya sake murzawa, sai ga zaren ƙyalle.

Farar shafar kauri gare ta, ta yi tudu. Ta hana malfar Rasiwan kwanciya, shi kuma mai aiki da tsabta ne, sai ya sa wuƙa ya kankare ta kafin ya fara. Abin da ya rage fili ne kamar farcen ɗan yatsa.

Su biyun suka zuba wa filin ido. Can Pak Guru ya ajiye kwanon.

"Ka mayar, Pak Tarsim. Shafa ɗaya ce. Kai ka yi ta, ka san yadda take."

"Ban sani ba, Pak Guru. Hannuna ne ya bi ta tana wucewa. Yanzu ba ta wucewa."

"Farin fenti ne. Ga shi nan a gabanka."

"In na sa, abin da nake so ka gani zan sa, ba abin da na gani ba. Kullum in ka kalla, ni za ka gani ina lallashinka. Biyun nan nata ne. Kada in haɗa su da nawa."

"Ni uban ne. Ni na roƙe ka."

"Na ji. Ka yafe mini."

Pak Guru mutum ne da ba ya ɗaga murya, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ɗauki zanen ya tafi ba sallama. Wata huɗu in ya hango Tarsim a hanya sai ya canza titi. A ganinsa an yi masa rashin imani sau biyu, na biyun kuma ya fi ciwo, don daga wanda ya san abin da aka rasa ne. Sai wata safiya, ba tare da wani dalili da zai iya faɗa ba, ya bi ta kan kunyar gona zuwa makaranta. Ya tarar da dattijon a bakin ƙofar ruwa. Ya tsaya a bayansa har rana ta taɓa gora, ya ga yadda ya tsame hannu yana tsakiyar zana wata bishiya, ya wanke buroshi. Babu wanda ya tayar da zancen. Tarsim ya zuba masa kofi a murfin flas.

Da Rasiwan kuwa kofin Juma'a bai dawo ba. Ba faɗa suka yi ba. Har yau Rasiwan yana gaya wa mutane cewa bai san laifin da ya yi ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Tarsim ya rasu a daminar bara, yana da shekara saba'in da ɗaya. Zanensa goma sha ɗaya suna nan a zauren ƙungiya, an sa musu fitila da allon tagulla mai sunansa. Gunadi yakan kai baƙi wurin da kansa. Sukan matsa kusa, su yaba yadda marigayin ya iya fitar da ganye. Sauran aikinsa, wanda ba a taɓa ba, yana ɗakin yara da ƙarƙashin gado. An zo wa Darsiti sau biyu da maganar a gyara su don tunawa da shi. Ta sayi kwaɗo ta sa wa ɗakin.

Na goma sha biyu yana falon Pak Guru Harjito, an ja kujera taku biyar daga bango. Uwar Kinanti takan zauna a kanta da safe kafin ta fita. A watan jiya wani maƙwabci, mutumin kirki, ya shigo gaisuwa. Ya matsa kusa da zanen har hancinsa ya kusa taɓawa, ya nuna filin nan da yatsa.

"Pak Guru, nan ya ɗan kankare. Akwai ƙanin matata, hannunsa da kyau, minti biyar zai cike maka shi."

Pak Guru ya gode masa. Sannan ya tashi ya buɗe masa ƙofa.